Ba Wanda Ya Je Kusa da Janar

Mutum tara aka kashe a tsohon siton da safiyar Asabar ɗin. Da aka busa usur ɗin hutu, takwas suka tashi suka karkaɗe rigunansu. Na taran bai tashi ba.

Sufeto ya iso da Saje wajen ƙarfe goma sha biyu. Shekara ashirin da biyu yana aikin ɗan sanda, bai taɓa ganin manyan mutane da gemunsu sanye da sulken kwali, riƙe da takubban soso, suna kuka wiwi ba. Jini kuwa ko'ina, a bango, a ƙasa, har a fuskoki.

"Na ƙarya ne, yallaɓai, sikari ne da jan kala," in ji wata mata mai usur a wuya da rawayen ƙyalle a kafaɗa. Ita ce alƙaliyar wasan.

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Marubucinmu ke tsara labari, kowa a ba shi mutumin da zai zama. Ba 'yan kallo, ba a haddace magana. Wanda aka sara da soso ya kwanta ya rufe ido, ba motsi sai an busa usur."

Sufeto ya ga duniya ta yi wa wasu daɗi, amma bai faɗa ba.

Gawar na kwance a gindin wata katangar katako. Ƙaton mutum ne mai gyaran firiji, a wasan kuma shi ne Janar. Sufeto ya tsuguna ya ɗaga sulken. Suka uku a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ɗaya a maƙogwaro. Jinin nan ya yi baƙi ya daskare, kuma ba warin sikari yake ba.

"Ni ce na kashe shi."

Ya waiwaya. Wata mata ce zaune a ƙasa, ta miƙo hannaye biyu kamar mai jiran ankwa. Ƙanwar mamacin ce, malamar makaranta.

"A labarin an ce in ci amanarsa in soke shi," ta ce. "Na soke shi sau huɗu, ina dariya. Dubi wuƙar." Soson wuƙar ya yage, siririn sandan da ke ciki ya leƙo jajir. "Da hannuna na haɗa ta, ban kai an duba ba. Yayana ne, yallaɓai, uwa ɗaya uba ɗaya."

Saje ya zaro ankwa. Sufeto ya harare shi, ya mayar. Sandan nan zagayayye ne kamar fensir, raunukan kuwa na wuƙa ce mai faɗin yatsa biyu. Ya gaya mata haka, ta girgiza kai. Ba za ta yarda ba sai an nuna mata wani hannun. Ya kuma san idan bai samo shi ba, da bakinta za a rufe fayil ɗin, ta tafi gidan yari tana godiya.

Aka jera 'yan wasan a kan benci. Sufeto ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Bayan Janar ya faɗi, wa ya je kusa da shi?"

"Ba kowa, yallaɓai."

"Kai fa? Kana ina?"

"Taku biyar tsakanina da shi, ina tare ƙofa. Wallahi ko ƙuda bai je wurin ba."

Mutum goma sha huɗun da ke kusa da wurin, amsa ɗaya. Sufeto ya san maƙaryata, su ne abokan aikinsa na kullum, waɗannan kuwa ba ƙarya suke ba. Abin ya fara ci masa rai.

Yana cikin tambayar wani mai hular ƙarfe, sai wani siririn mutum mai tabarau da rawayen ƙyalle ya ratsa ta tsakaninsu ɗauke da gorunan ruwa. Har ya taka wa mai hular ƙafa. Mai hular bai ko ƙifta ba.

"Wane ne wannan da ya wuce?"

"Wa?"

"Wanda ya taka ka yanzun nan!"

Mai hular ya dubi ƙafarsa, ya yi sororo. "Au, Marubuci ne. Ai shi ba ya nan."

"Kamar yaya ba ya nan?"

"Dokar wasa ce. Mai rawayen ƙyalle ma'aikaci ne, ba ya cikin labari. Idan ka kalle shi ko ka yi masa magana, an fitar da kai. Shekara bakwai muna haka, ido ya saba."

Sufeto ya rufe littafinsa a hankali. "Mutum nawa ke sa ƙyallen?"

Biyu ne. Alƙaliya ta kasance a kan benen ƙarfe tun farkon yaƙin, kowa na jin muryarta tana ƙirga waɗanda suka faɗi. Marubuci kuwa ya ce yana ƙaramin ofis yana jera ambulan ɗin da ke ɗauke da labarin kowane ɗan wasa na zagaye na biyu.

Sufeto ya tafi da su biyun can. Ofishin ɗan ƙuƙut ne, tebur ɗaya, fanka matacciya, da wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Sufeto ya ja kwaɗon, a kulle yake gam.

"Ina mabuɗin?"

Alƙaliya ta zaro shi daga igiyar usur ɗinta. "Tun ranar Alhamis Marubuci ya ba ni ambulan ɗin a liƙe, na kulle. Ba a buɗewa sai bayan hutu, don kada wani ya san makomarsa."

"To me ka jera, malam?"

Marubuci ya gyara tabarau. "Ina nufin na zo in jera, sai na tarar a kulle."

Sufeto ya buɗe akwatin ya ƙirga, sannan ya sake ƙirgawa. Talatin. A takardar da ke manne a bango, 'yan wasa talatin da ɗaya ne.

"Ta wa ce babu?"

Alƙaliya ta bi sunayen da yatsa. "Ta Janar."

"Ai ya mutu a labari."

"A'a, yallaɓai. Mun yi da Marubuci cewa bayan hutu za a ta da Janar, shi zai ja yaƙin ƙarshe. Tasa ce ya kamata ta fi kowacce kauri." Ta juya ta dubi Marubuci. "Kai da ko mai gadin ƙofa sai ka rubuta masa shafi biyu?"

"Tun Alhamis ka san ba zai tashi ba," in ji Sufeto.

Ba wanda ya zaci siririn mutumin nan na da wannan ƙarfin. Ya suri kwaɗon ya maka wa Sufeto a goshi, fata ta tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Marubuci ya yi ƙofa da gudu. Saje ya tare shi da kafaɗa ya haɗa fuskarsa da bango, hanci ya fashe, tabarau ya tarwatse. Ya murɗe masa hannu ta baya har sai da kafaɗar ta yi ƙara.

"Ina wuƙar?" Sufeto ya tambaya, yana danne goshi da hankici.

"Cikin bokitin jinin ƙarya." Yana magana jini na shiga masa baki. "Matata ce ke zama Sarauniya a wasan nan. Da ta rasu bara, na bar kujerarta a labarin, ba mai zama. Wancan watan Janar ya hau kujerar da takalmi, ya ce Sarauniya ta gudu da mai ba dawakinta ruwa. Duk suka yi dariya. Ina tsaye a gabansu da ƙyallena, ba wanda ya kalle ni."

"Shi ne ka yanka shi yana kwance."

"Idonsa a rufe. Bai taɓa karya doka ba, sai a kan matata."

Sufeto ya ji tausayinsa na ɗan lokaci, sannan ya tuna maƙogwaron nan, tausayin ya tafi. Saje ya tisa ƙeyarsa zuwa mota, ta tsakiyar mutanen da wannan karon duk suka zuba masa ido.

Malamar na nan inda ya bar ta. Sufeto ya tsuguna a gabanta.

"Ba ke ba ce. Lokacin da kika soke shi lafiyarsa lau, daga baya aka yi. Tashi ki je wajen mahaifiyarku."

Ya ɗauka za ta yi ajiyar zuciya. Sai ta ƙura wa ƙasa ido.

"Ana tsakiyar yaƙi na sake wucewa ta kansa," ta ce. "Ya kama ƙafata, ya riƙe da ƙarfi, bakinsa na motsi. Na fizge, na ce, 'Yaya, matattu ba sa motsi, za ka ja a fitar da mu.'"

Sufeto ya sauke hankicin daga goshinsa.

"Kuma ya ji maganata," ta ce. "Ya sake ni."