Takun da Ba na Ja'afaru Ba

Magariba ta kawo jiki a Unguwar Dosa, kaji sun shige akurki, Ja'afaru yana kan kekensa na guragu yana jiran 'yarsa Bilkisu ta kawo masa buta. Tun haɗarin motar haya a hanyar Rigachikun ƙafafunsa suka mutu. Bana wasu masu bincike suka ara masa ƙafafun ƙarfe masu batir, da ake ɗaurawa daga ƙugu zuwa diddige. Injiniyansu, Nura, ya ce na'urar koyo take yi: tana lura da saukar diddige da ɗagawar yatsu, har ta san tafiyar mai ita. Wata da watanni Ja'afaru ya sha gumi, har ya fara kai kansa bakin ƙofa.

A yammacin nan ƙafafun suna jingine da bango, ba kowa a ciki. Sai wayar da aka haɗa da su don nuna takun ta kawo haske. Dama, hagu, dama. Butar ta suɓuce daga hannun Bilkisu.

Daga ranar, rana na faɗuwa duwatsu za su fara sauka a kan kwano. Bilkisu ta daina magana. Duk lokacin da uban ya ɗaura ƙarfen ya taka, sai ta ƙwalla ƙara, ƙafarta tana motsi tare da tasa. Asibiti ba su ga komai ba. Uwarta ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ja'afaru yana kallon 'yarsa tana bugun ƙasa, ko rarrafe ya kasa ya kai gare ta.

Aka ɗauko Malam Lawan daga Katabu. Ya daɗe yana karatu kafin wata tsohuwar murya ta fito daga bakin yarinyar. Ta ce tsakar gidan nan hanyarta ce tun kafin a yi gini. Sha'awa ta sa ta zura ƙafa a ƙarfen, shi kuwa ya haddace takunta.

"Idan ubanta ya taka, ni ake ja. A mantar da ƙarfen ni, in sakar muku yarinya."

Malam ya sa ta rantse. Aka kira Nura a waya. Injiniyan ya ce ba a iya tsince takun wani a bar na wani, sai dai a goge duka. Wa'adin aron kuma ya kusa cika, da wuya lokaci ya isa a sake koyo.

Ja'afaru ya daɗe yana duban ƙafafun.

"Goge, Injiniya."

Nura ya goge daga inda yake, wayar da ke nuna takun ta yi duhu. Bilkisu ta yi atishawa, jikinta ya saki. Da ta buɗe ido ta ga mutane, sai ta ja mayafi.

"Baba, me ya sa kake kuka?"

Ya ce mata ba komai, ta matso kusa.