Injin da Ba a Ce Masa Ya Tsaya Ba

A wata makaranta a Kafanchan akwai wata yarinya da ta fi kowa iya lissafi. Ita ma ta san haka, kuma ba ta bari kowa ya manta.

Malamin lissafi, Malam Gregory, ya dawo daga kwas a Zariya da labarin wani inji mai suna kwamfuta. Ya ce injin ya cika ɗaki guda, amma ba shi da hankali ko kaɗan. Abin da ka umarce shi kawai yake yi.

Sai ya ba su aiki. Kowa ya rubuta umarnin da zai sa injin ya jera lambobi daga ɗaya zuwa goma da kalmomi. Wanda nasa ya fi kyau zai bi Malam a jirgin ƙasa ya ga injin. Yarinyar ba ta taɓa shiga jirgi ba, ko da yake kullum yana wucewa ta bayan gidansu.

Ƙawarta Afiniki ta roƙe ta su gwada aikin juna.

"Ni ba na kuskure," in ji yarinyar.

Ranar gwaji Malam ya ɗauki alli, ya ce yau shi ne injin. Ya karanta umarninta: fara da ɗaya, rubuta sunan lambar, sa waƙafi, ƙara ɗaya, sake rubutawa. Ya rubuta har goma. Bai tsaya ba. Allo ya cika, ya koma bango, ya nufi ƙofa yana ta rubutu.

"Sa, ya isa," in ji yarinyar.

"Ba ki rubuta mini inda zan tsaya ba," in ji shi.

Aji ya kwashe da dariya. Afiniki ce ta ci, domin ta sa ƙanenta ya gwada nata a gida.

Abin ya yi wa yarinyar ciwo ƙwarai. Ta ƙi cin tuwon acca, ta zauna a bayan rumbu tana kuka. Ta gaya wa mamanta wai Malam ne ya wulaƙanta ta.

"Shi ya rubuta takardan ko ke?" in ji mamar. "Tashi ki gyara."

Ta gyara. Ranar tafiya ta kai wa Afiniki a tasha, ta ba ta haƙuri, ta roƙe ta ta duba. Afiniki ta gano wani kuskuren kuma, suka gyara tare. Afiniki ta ba Malam takardar. Jirgin ya tafi da su ya bar yarinyar tsaye.

Da suka dawo, Malam ya miƙa mata wata doguwar takarda. Injin ya bi umarninta. Lambobin sun jeru, kuma sun tsaya cak a kan goma. Ba ta ga injin ba, amma ta yi murna har da hawaye.

Tun daga ranar, komai iyawarta, ba ta ƙara miƙa aiki ba sai ta gwada, ta kuma bari wani ya duba mata.