Rijiyar Kufan Rumawa

Ku matso kusa, kuma kada wanda ya katse ni. Kawu Tanimu da kuke gani kullum da buta a hannu, ba haka aka haife shi ba.

Yana saurayi ya tafi Libiya, ya samu kiwon awakin wani Balarabe a wani ƙauye. Bayan ƙauyen akwai kufai, ginin Rumawan dā. Ginshiƙan dutse a tsaye, babu rufi. Mutanen garin in za su ratsa wurin shiru suke yi. Shi kuwa Bahaushe, ina zai shiga gida bai yi sallama ba?

Shekarar an yi fari, awaki suna ta faɗuwa. Ran nan da rana tsaka ya shiga kufan neman inuwa, ya ce, "Salamu alaikum."

Aka amsa.

Wata tsohuwa ce zaune kan dutsen matsar man zaitun. Bakinta na motsi a gabansa, amma muryar daga bayansa take fitowa.

Ta ce, "Tun da masu gidan suka watse, ba wanda ya gaishe ni. Ƙishirwa?"

Ya ce, "Ni da dabbobi, Iya."

Ta kai shi wani ɗaki. Daɓensa ƙananan duwatsu ne masu launi, an jera su sun zama hoton kifaye. Ta ɗaga wani faifan dutse da yatsa ɗaya. Ga rijiya, ruwa sanyi ƙalau.

"Ka sha, ka shayar. Ido biyu na nuna wa, kada su zama huɗu." Ya rantse mata.

Wata uku awakinsa na ƙiba, na kowa na mutuwa. Sai Barau ya tsare shi. Barau ɗan garinmu ne, tare suka keta sahara, ruwan gora ɗaya suka raba.

Ya ce, "Haba Tanimu, ni za ka ɓoye wa? Nawa awakin saura bakwai. Wallahi daga ni sai kabarina."

Tausayi ya ci Kawu. Ya kai shi.

Bayan kwana biyu Kawu ya koro awaki, ya tarar da sawun mota. An farfasa daɓen, an kwashe kifayen kaf, za a kai wa masu sayen kayan tarihi. Rijiyar cike da yashi. Barau ko akuya ɗaya bai shayar ba, mugun!

Tsohuwar na tsaye a kusurwa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

Ya ce, "Iya, ɗan'uwana ne. Rantsuwa ya yi mini."

"Kai ma ka yi mini."

"A bi shi mana."

"Ban san shi ba. Kai na sani."

Tun daga ranar, komai yawan ruwan da Kawu ya sha, maƙogwaronsa a bushe yake. An yi rubutu, an yi turare, an je asibiti. Shekara talatin ke nan. Ya taɓa gaya mini ƙishirwar da sauƙi, abin da ke cin ransa shi ne Barau bai taɓa neman gafararsa ba.

Don haka in kun ga kufai, ko na wane zamani ne, kada ku shiga ku kaɗai. In an amsa muku, ku juya.

Barau? Shi ne Alhajin mai bene na bakin kasuwa. Lafiyarsa lau. Ranar Juma'a ma sahu ɗaya suke sallah da Kawu.