Auren Da Aka Ɗaura A Kan Ƙafa Ɗaya

Ranar da Lujain ta fara aikin agajin gaggawa a garin Ma'an, amai ta yi a gefen titi. Tirela ce ta murƙushe ƙaramar mota a hanyar Aƙaba. Direban motar asibitinsu, Ƙusai, ya miƙa mata ruwa, bai yi mata dariya ba.

"Kurkure bakinki. Kuma kada ki sake juya wa titi baya."

"Ai suna ganin fitilarmu."

"Gawa suke kallo, ba mu ba."

Ta ɗago ta dube shi, shi ma bai kawar da kai ba.

Ba a yi wata biyu ba saƙonni suka fara: "Tsuntsuwata, na ajiye miki ƙosan falafil a gaban mota. Na cinye rabi, ki yafe."

"Ɓarawo kawai. Allah ya tsare mini kai."

Da ya turo manyansa neman aure, suka ajiye kofin gahawa a gabansu, ba za su sha ba sai an ce an ba su. Gahawa ta huce. Mahaifinta, Abu Nayif, ya ce, "Mai kwasar gawa zan ba 'yata? Ga Hammam ɗan ƙanena, mai shagunan taya uku."

Shi kuwa Hammam, duk inda ya ga Ƙusai sai ya sauke gilashin motarsa ya ce, "Angon mutuware, nawa ka kwaso yau?"

Wata Alhamis da azahar bas ta kife kusa da garin Ƙatrana. Ƙusai ya jera robobin tare hanya, ya koma bayan mota zai jawo gadon majinyaci. Wani mai a-kori-kura, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya yana ɗaukar bidiyon hatsarin, ya bi ta kan robobin ya matse shi da ƙofar motar.

Jakar kayan aiki tana cikin motar da ta lotse. Lujain ta fizge mayafinta ta ɗaure masa cinya.

"Wani ya riƙe masa kai! Don Allah!"

Mutum ya fi talatin a wurin. Ba wanda ya sauke wayarsa.

An yanke ƙafar daga gwiwa. Kafin ya farfaɗo, bidiyon ya gama gari: Lujain kai ba mayafi, rungume da namiji a kan kwalta, tana kiran shi "rayuwata".

Kwana huɗu sai ga saƙonsa: "Ki auri Hammam. Dama tausayinki nake ji, ba so ba. Kada ki zo."

Ta ɗauka da gaske yake. Kwana tara tana kuka a ɗaki, har mahaifiyarsa ta kira ta. "'Yata, ya daina cin abinci. A gabana ya rubuta ƙaryar nan."

Ta same shi a gadon asibiti, ya juya wa ƙofa baya.

"Maimaita mini, kana kallon idona."

Ya kasa. "Lujain, ba ƙafa, ba aiki. Me za ki aura?"

"Ni na ɗaure ta, Ƙusai. Na fi kowa sanin abin da ya rage, kuma shi nake so."

Ya rufe fuska da bargo ya fashe da kuka.

Hammam ya janye da kansa. "Ba zan auri wadda duk ƙasar nan ta ga gashinta ba," in ji shi, a gaban dangi. Abu Nayif ya buga wa kawun Ƙusai waya: "Ku zo ku ɗauke ta. Ba mai so yanzu."

Ranar biki kujerun danginta duk wayam, sai mahaifiyarta ita kaɗai. Abokan aiki ne suka cika rumfar, wasu cikin kayan aiki. Ƙusai ya ƙi zama, ya tsaya a kan sanduna biyu har aka kawo amarya.

"Zauna mana, angona, za ka faɗi."

"In na faɗi ai ga ma'aikaciya."

Ana tsakiyar cin mansaf, shinkafa da naman rago, wayar aiki ta yi ƙara. Mutum huɗu suka miƙe suna goge hannu a wando, suka fita da gudu. Lujain ta damƙe hannun mijinta.

Mahaifiyarsa ta ɗaga tafukanta. "Allah ya albarkaci wannan aure, ya ba ku zuri'a tagari. Su kuma waɗancan, ya Allah, ka dawo mana da su da ƙafafunsu."

Kowa ya ce amin. Muryar ango ta fi ta kowa.