Kai Kaɗai Ka Gan Shi

"Wa ya ce ka taɓa mana ƙofa?"

Tana tsaye a kansa, jakar makaranta rataye a kafaɗa, farin alli bai gama fita daga yatsunta ba. Shi kuwa yana durƙushe a bakin kicin ɗin Yaya, akwatin kayan aikinsa a buɗe, ya duƙufa kamar wanda aka yi wa alkawarin lada.

"Sannu da dawowa, Malama."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na ji tana ƙara ne... Shalele ta ce tana hana ki barcin rana."

Shalele 'yarsu ce, ba ta daɗe da shiga firamare ba, kuma ita ce hujjar zuwansa. Tun da aurensu ya mutu Malama ta koma gidan yayarta da zama, duk ƙarshen mako tsohon mijin nata, Kafinta, ke zuwa ɗaukar yarinyar. Abin da bai wuce a yi sallama a miƙo yarinya ba, amma shi sai ya taho da akwati. Yau famfo, gobe fanka, jibi ƙafar kujera. Gidan Yaya bai taɓa samun lafiya irin wannan ba, har mijinta ya fara tsokanarsa wai ko a ware masa ɗaki ne.

Malama ta gyara tsayuwa. Ta kwana biyu tana shirya maganar.

"Baban Shalele, gara ka ji daga bakina. Mai Kemis na ƙarshen layi ya yi wa mijin Yaya maganar aurena. Na ce zan ba su amsa idan mako ya kewayo."

Hannunsa ya tsaya cak. Ta zuba wa ƙeyarsa ido, tana roƙonsa a ranta. Ka ce wani abu mana, bawan Allah. Ka ce a'a. Ka yi faɗa ma, na yafe.

Ya miƙe a hankali, ya tura ƙofar, ya jawo ta, ya sake turawa.

"Ta daina ƙarar," ya ce.

Wallahi da tana da ƙarfi da ta cire ƙofar nan ta ɗora masa a ka. Ta wuce ɗaki ba ta ko waiwaya ba, ta faɗa kan gado ta danne bakinta da filo don kada Shalele ta ji.

Haka yake tun fil azal. Lokacin da yake nemanta ma ba da baki ya sace zuciyarta ba. Teburin ajinsu ne ke rawa, aka kira shi ya gyara, daga nan kullum sai ya samo wani abin da ya lalace a ajin nan, har ɗalibai suka gane. A lokacin abin daɗi yake mata. Idan suka yi saɓani a gida, ba ya cewa yi haƙuri, sai dai ta tashi ta tarar da sabuwar kanta a kicin. Ta yi dariya, ta ce, "Rabin raina, bakinka a hannunka yake." A wuce wurin.

Sai aka zo kan abin da sabuwar kanta ba ta gyarawa.

Da ta sami cikinta na biyu, wata da watanni Kafinta ya yi yana haɗa gadon jariri. Bai yarda ya buga masa ƙusa ko ɗaya ba, wai kada wata rana ta leƙo ta karce masa ɗa. Katako ya fafe ya shige cikin katako, ya sassaƙa 'yan tsuntsaye biyu a wajen kai. Aka ajiye shi a kusurwar ɗakinsu, kusa da taga. Haihuwa ta zo da gardama, aka yi mata aiki. Kafin ta dawo hayyacinta yaron ya koma, har an kai shi makwancinsa. Ba ta gan shi ba. Ko sau ɗaya.

Ranar da aka sallamo ta, kusurwar nan ta fara duba. Wayam. Ba gado, ba 'yan riguna, har bangon an sake masa fenti.

"Ina gadon?"

"Na kawar."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ta jira ya zauna kusa da ita ya ce mata yaron fari ne ko baƙi, ya yi kuka ko bai yi ba. Ina! Sai ya tashi gyaran gida gadan-gadan, tun safe guduma har magariba, kamar gidan ne aka yi wa rasuwa. Ita kuma ta yi rantsuwa a ranta ba za ta roƙi labarin ɗan da ta haifa ba. Shiru ya haɗu da shiru. Wata rana takaici ya ishe ta, ta ce ya sauwaƙe mata. Mutumin da bai taɓa hana ta abin da ta nema ba, wannan ma bai hana ta ba.

Daga baya ya turo kawunsa neman a mayar da aure har sau biyu, Yaya ta tare ƙofa.

Yanzu ma ita ce ta shigo ɗakin, ta yaye filon.

"Au, kuka kike? A kan wannan gunkin? Ke dai Allah ya yaye miki. Ga mutum ɗan gayu, mai baki, mai sana'ar zaman inuwa, ya ce yana so har da 'yarki."

"Yaya, uban 'yata ne fa."

"Uban 'yarki da ya share ɗanki kamar an share allo? Ni na yi jinyarki, ni na san yadda kika koma. Ba zan sake miƙa ki ba."

Malama ta juya ta fuskanci bango. Ta san ƙauna ce ke sa Yaya wannan zafin, shi ya sa ma ya fi ciwo.

Mai Kemis kam Allah ya ba shi baki. Idan ya zo zance, sai ya kira ta da sunaye goma kafin ya zauna, hasken idona, sanyin raina, maganin da babu shi a kanti. Bayan shekarun da ta yi da mutumin da ake ciro masa magana kamar ana ciro ƙusa, dole abin ya ɗan yi mata daɗi. Sai dai duk surutunsa ya lura da abu ɗaya: in aka ji ƙarar akwatin Kafinta a tsakar gida, hankalinta ba ya tare da shi.

Ranar da Mai Kemis ya sake zuwa, ya gyara zama ya yi fuskar tausayi.

"Ban so in faɗa miki ba, sanyin raina, amma ɓoyewar ba ta da amfani. Na je barka gidan wani abokina, na ga gadon jariri mai tsuntsaye biyu a wajen kai. Yaya ta taɓa ba ni labarin irinsa. Na tambaya, aka ce ai a wurin tsohon mijinki aka saya."

Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Ka tabbata?"

"Da idona na gani. Ai ɗan kasuwa ba ya asara."

Ba ta tsaya sallamarsa ba. Ta zari mayafi, takalmin ma na Yaya ta zura, ta fita.

Shagon Kafinta yana bayan wani gareji, rumfar kwano ce da ɗan ɗaki a ƙurya. Rabonta da wurin tun tana da ciki. Ƙamshin sabon katako ya doki hancinta, tsohon ƙamshin rigunansa, sai da ta dake kafin ta ƙarasa. Yana tsaye da zarto a hannu, garin katako har a girarsa.

"Malama? Lafiya? Shalele ce?"

"Ka sayar da shi."

"Me?"

"Gadon ɗana. Bai ishe ka ka kawar ba, sai da ka kai shi gidan wasu?" Hawaye suka ɓalle mata. "Na haƙura da komai. Na ce halinka ne. Ashe kai bai taɓa zama ɗa a wurinka ba, katako ne kawai ya rage maka ka nemi mai saye."

Ya ajiye zarton. Ya juya ya nufi ɗan ɗakin ƙurya, ya buɗe, ya matsa gefe.

Ta leƙa.

Gadon yana nan a haɗe. Ko'ina a shagon nan ƙura ce, amma shi sai sheƙi yake, an sha goge shi da mai. 'Yan rigunan suna ninke a ciki. Ga tsuntsayen nan biyu. A gefensa akwai wata 'yar kujera da zama ya cinye wa fenti.

Ta dafa bango.

"Tun ranar ban sake haɗa gadon jariri ba," ya ce da ƙyar. "Ko an kawo aikin, turawa nake gaba."

"To don me... don me ka ɗauke shi?"

Ya daɗe yana murza hannuwansa. Ta ga idonsa ya kai kan akwatin aiki, kamar mai neman wurin ɓuya.

"Kada ka taɓa komai," ta ce. "Yau da baki za ka yi mini."

"Na gaya wa kowa don ke na kawar, kada ki dawo ki gani." Ya sunkuyar da kai. "Ƙarya ne, Malama. Don ni ne. Daga maƙabarta na wuce gida ni kaɗai, na buɗe ɗaki na gan shi. Na kasa. Ban san lokacin da na kwance shi ba. Da na kawo shi nan kuma na kasa barinsa a warwatse, na sake haɗawa. Nan nake zuwa in zauna."

"Kana nan kana kukanka, ina can ina nawa."

"Na ɗauka in na yi maganarsa zan fama miki ciwo."

"Ciwon ai shirun ne. Kai kaɗai ka gan shi. Kai kaɗai ka riƙe shi. Ni da na ɗauke shi wata tara, ko kamanninsa ban sani ba."

Ya runtse ido, hawaye suka gangaro suka yi hanya a cikin garin katakon da ke fuskarsa. Tunda take da shi ba ta taɓa ganin kukansa ba.

"Na cuce ki. Ki yafe mini. Kada ki ba wancan mutumin amsa... ina son iyalina."

Ga maganar da ta yi kusan shekara biyu tana jira, ashe ba ta fi ƙarfin numfashi ɗaya ba. Baƙin ciki ya taso mata, ba nasa kaɗai ba, har da nata. Da ta sauke girman kai ta tambaye shi tun a ranar fa? Da ta tako nan sau ɗaya fa? Shalele ta koyi karatu a gidan wasu, ta yi famfarar haƙorin farko ba ubanta a kusa, duk a kan maganar da ba a yi ba. Da na sani ƙeya ce, kuma su biyun suka jawo wa kansu.

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Ni ma ban tambaya ba," ta ce a hankali. "Ka kwance gadon nan, ka mayar inda ka ɗauko. In ka gama ka zo ka sami Yaya da mijinta. Kai da kanka, ba Kawu ba. Kuma ka bar akwatin nan a shago."

Da ta koma gida ta zayyana wa Yaya komai. Yaya ta ja tsaki.

"Shi kuma wancan mai bakin kamar rediyo, ashe har da ƙarya yake haɗawa a maganin nasa? Bari ya zo, ni zan ba shi amsar." Ta kalli ƙanwarta ta gefen ido. "Amma gunkin naki sai ya yi mini bayani da bakinsa. In ya zo ya tsaya kallon rufi, wallahi korar sa zan yi."

Ya zo da la'asar, cikin wankakkun kaya, hannu rabbana. Ya yi tsuru-tsuru a tsakar gida, bai san inda zai ajiye hannuwan ba, ya sa a aljihu ya fitar. Shalele ta ruga ta ɗafe shi.

"Baba, ina akwatinka?"

"Yau ban zo aiki ba, uwata."

Ya shiga wurin Yaya da mijinta. Abin da ya faɗa bai fi a ƙirga da yatsu ba, amma da Yaya ta fito idonta ya yi ja, ta wuce kicin tana faɗan wai albasa ce.

Malama na zaune a baranda. Ya zo zai zauna, kujerar ta yi rawa. Nan take ya sunkuya yana laluben ƙafarta.

"Bar ta," ta ce. "Zauna haka nan."

Ya zauna, kujera na rawa da shi. Suka yi shiru, har ta fara tsoron ko an koma gidan jiya. Sai ta ga ya buɗe tafukan hannunsa a kan cinya, ya ɗan ware su, daidai tsawon jariri.

"Kamar haka yake," ya ce. "Gashi cike da kai. Hancinki ne sak, har ɗan lanƙwasar nan. Yatsun kuma nawa ya ɗebo, dogaye... Ya yi kuka sau ɗaya, Malama. Ya riƙe mini wannan yatsan."

Ta miƙa hannu ta kama yatsan, ta riƙe gam.

"Ci gaba," ta ce. "Kada ka rage mini komai."