Ɓarawon Da Ya Ƙara Gyara

Ƙarfe goma da rabi na safiyar Laraba aka bugo waya caji ofis na Tambuwal, aka ce an yi sata a reshen jami'a da ke bayan gari. Di-Pi-O ya tura Sufeto Haliru. Da Sufeto ya tambayi abin da aka sace aka ce masa wake, sai ya cire hula ya sosa kai. Shekara ashirin da biyu yana aikin ɗan sanda, ya bi sawun shanu, ya bi na babura, yau ga shi an tashe shi a kan abin da ake ƙosai da shi.

Ya ɗauki Kofur Lauwali suka tafi.

Ranar ce ta taron baje kolin binciken ɗalibai, zaure ya cika maƙil. Wani ya kafa famfo mai aiki da hasken rana, wata tana tace ruwan rijiya da gawayi, kowa na ta zuba Turanci gaban allon bayaninsa. A can ƙurya kuwa wata ɗaliba ce tsaye gaban tulu guda, idonta ya yi ja, ƙwarin wake na ta yawo a kan teburinta.

Malamar da ke duba aikinta, Dakta Mu'minatu, ita ta tari Sufeto.

"Sunanta Nasiha, daga Kebbe take, ajin ƙarshe," in ji Dakta. "Ta haɗa wani gari da ke hana ƙwari cin wake. Wata bakwai waken na cikin tulun nan. Duk wata sai mu buɗe a gabana mu ƙirga, ba mu taɓa samun ƙwaro ko ɗaya ba. Yau aka fasa murfin a gaban alƙalan taro, ga abin da ya fito."

"Mi alƙalan sunka ce?"

"Sun ce ƙaga sakamakon ta yi. Sun ba ta zuwa la'asar. In babu hujja za a miƙa ta kwamitin ladabtarwa, hukuncin ƙage kuwa kora ne."

Nasiha ta ɗago kai. "Yallaɓai, wanga ba wakena ba na. Canza shi anka yi."

Sufeto bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Shi ɗan manomi ne, a gona ya yi wayo kafin ya sa kaki. Ya tsuguna ya tsinci ɓallin lakar da aka toshe bakin tulun da ita, ya murje a tafin hannu, ya sansana.

"Da mi kika like bakin tulu?"

"Laka da ruwa."

"Su kaɗai?"

"Su kaɗai, yallaɓai."

A cikin wannan lakar akwai ƙaiƙayin gero da kashin jaki. Haka masu ginin rumbu ke kwaɓa ta don kada ta tsage. Ya zuba ɓallin a ambulan, ya miƙa wa Kofur.

"Wa ka iya shiga inda aka aje tulun?"

Dakta ta ce makullin sito yana hannun Malam Ɗanmaliki, dattijon da ke sharar ɗakin gwaji da kula da kaya, kuma duk ɗalibin da ya shiga sai ya sa hannu a rajista. Nasiha ta yi caraf ta ce ba sai an wahala ba, Usama ne, ɗan ajinsu. Su biyu ake sa ran ɗaya zai zo na farko a taron, na farko kuma shi za a ba gurbin digiri na biyu.

Aka kira Usama. Dogo ne mai tabarau, ya zo yana goge hannu da hankici. Shi ya ƙera na'urar busar da albasa da ke tsakiyar zaure.

"Yaushe rabonka da shiga sito?"

"Tun kafin azumi, yallaɓai."

Sufeto ya buɗe rajista ya juya masa ita. "To wannan sa hannun na ran Alhamis, mako biyu da sunka wuce, aljani yay yi shi?"

Usama ya dubi sa hannun. Ya ce gaskiya ya shiga, batirin sashen ya ɗauka ba da izini ba don gwada na'urarsa, tsoron a gane ne ya sa ya yi ƙarya. Tulu kam bai taɓa ba.

"Ka gan shi ranar?"

"Na gan shi. Lakar bakin ɗanya ta, har na ɗauka Nasiha ta sake buɗewa."

Nasiha ta ce rabonta da tulun mako uku cif.

Sufeto ya kama hannun Usama ya juya shi. Hannu ne da ya san sukudireba da biro. Mai wannan hannun ko an ɗora masa wuƙa a wuya ba zai taɓa kashin jaki ba. Ya sake shi ya ce ya koma kan albasarsa, maganar batir tsakaninsa da malamansa.

Suka wuce ɗakin gwaji da tulun. Sufeto ya leƙa ciki ya ga wake ya kusa baki.

"Nawa kika zuba?"

"Kilo biyar daidai. Yana rubuce."

"Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Kofur, juye shi a sikeli."

Sikeli ya nuna kilo biyar da rabi, duk da ƙwari sun ci nasu rabon.

Sufeto ya tsaya yana kallon allurar, sai ya yi dariya, abin da ya ba Nasiha haushi ƙwarai. Ba da ita yake ba. Mai son ya ɓata wa mutum aiki zai watsa ƙwari ne ya gudu. Wannan kuwa ya auna ya mayar, ya ƙara gyara a kai, ya like baki da kyau kamar na gidansa. Haka manoma ke yi in sun yi musayar iri: ka ba ni tiya, in ba ka tiya da ɗan abin da ya hau. Ga shi kuma ruwa ya zauna, gero ya tasa, lokacin shukar wake ne.

"Ina Malam Ɗanmaliki?"

Suka same shi a gindin tankin ruwa yana wanke kwalabe. Dattijo ne mutumin Sanyinna, kullum a kan tsohon babur yake zuwa aiki. Ya miƙe yana share hannu da gefen riga.

"Ranka shi daɗe."

"Zauna, Baba. Ka taɓa buɗe tulun yarinyag ga?"

"Ni? Mi nika yi da kayan 'yan boko? Shara tawa, makulli nawa, shi ke nan."

"Bana ka shuka wake?"

"Ina hwa. Ƙwari sun gama da irina tun bazara."

Ya faɗa ba tare da ƙifta ido ba. Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, ya rufe littafinsa, ya samu bulo ya zauna kusa da shi. Suka shiga hirar damina, inda ruwa ya sauka da inda ya yi ƙaranci, da tsadar taki. Nasiha na tsaye tana duban agogo, ƙarfe ɗaya ta wuce, ranta na tafasa.

Can sai Sufeto ya juya wajenta ya ce, "Ke ma dai, ɗiyata, ki haƙura. Ko an samu waken naki aikin banza na. Duk maganin da ya kashe ƙwaro ya kashe ƙwaya. Wata bakwai cikin gari? Wannan ko a fadama anka shuka shi, ɗaya ba ta tsirowa."

"Wa yac ce?" in ji Malam Ɗanmaliki, har da ɗaga yatsa. "Wallahi rami ɗaya bai faɗi ba! Kwana huɗu sunka..."

Yatsan ya tsaya a sama. Manomi zai iya jure zagi, amma ba ya jure a kushe masa shuka.

"Kwana huɗu sunka yi mi, Baba?"

Dattijon ya sauke hannu. Ya dubi ƙasa ya ce, "Sunka tsiro."

Daga nan bai ƙara ɓoye komai ba. Duk wata in an buɗe tulun shi ke ɗauko shi daga sito, yana ganin wake fari tas, nasa na gida kuwa ya zama gari. Ya yanke a ransa cewa wani iri ne na musamman aka kawo wa jami'a, wanda ƙwari ba sa ci. Da shuka ta zo ya rasa iri, sai ya kwashe na cikin tulun, ya ɗebo na cinsa, ya auna ya mayar.

"Ban ɗauke shi sata ba, ranka shi daɗe. Musaya niy yi, har gyara na ƙara. Cewa nike in an gama kallo dahwa shi za su yi."

"Musaya da sanin mai kaya aka yin ta. Da saura?"

"Akwai rabin tiya da na aje don cike gurbi. Gurbi bai samu ba."

Motar 'yan sanda ta kama hanyar Sanyinna da Sufeto, da Kofur, da Nasiha, da dattijon, da ɗaya daga cikin alƙalan taro, wani farfesa da aka roƙa ya bi su. A zauren gidan aka kwance ƙullin tsumma. Wake ne fari, garin Nasiha na manne a jikinsa, babu huda ko ɗaya. Farfesa ya zube shi a kan takarda ya bi shi ƙwaya ƙwaya. Daga nan suka taka zuwa gona, inda wake ya yi layi kore shar a tsakanin gero. Farfesa ya bi kunya uku yana ƙirga ramuka, ya dawo takalminsa duk taɓo.

"Kin gwada tsirowa a bincikenki?" ya tambayi Nasiha.

"Ban kai nan ba, ranka ya daɗe."

"To an gwada miki. Babu maganar kwamiti."

Nasiha ta durƙusa a kan kunya ta fashe da kuka. Tun safe take riƙe da shi.

Kofur Lauwali ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai, Kofur ya mayar aljihu. Malam Ɗanmaliki ya nufi mota da ƙafarsa, ya kai ƙofa ya tsaya ya waiwayo.

"Ɗiyata, ki yafe. Abu guda nika tambaya. Daga wace ƙasa anka kawo irin nan?"

"Baba, kasuwar Kebbe na saye shi. Wake na kamar na kowa."

"To garin hwa?"

"Ganyen dogonyaro na, a shanya a inuwa a daka, a haɗa da tokar kara."

Dattijon ya ɗaga kai. Dogonyaro uku ne a bakin gonarsa, a inuwar ɗaya ma motar take tsaye.

"Don irinku niy yi aikin ga," in ji Nasiha. "Duk yana rubuce a allon bayanina. Mi ya hana ka tambaya?"

"Ni na kafa allon da hannuna," in ji shi. "Shekara goma sha ɗaya nika kafa su. Ba wanda ya taɓa karanta min ko guda."

Sufeto ya buɗe masa ƙofa ya shiga, motar ta juya ta nufi Tambuwal.