Ɗakin Marasa Mai Jinya

"Haɗa kayanki! Yau ƙafata ƙafarki!"

Umma ko takalmi ba ta cire ba ta tsaya a tsakiyar falo tana huci. Auta ta ajiye fulas ɗin da take cikawa, ta durƙusa.

"Umma, sannu da hanya. Ki zauna ki sha ruwa mana—"

"Ruwan me? Na ba shi 'yata da ƙamshinta, ya kawo ta garin da ba mu da kowa, ya mai da ita mai kwasar fitsarin mutane a asibiti! Yayarki ta faɗa min komai!"

Mijin Auta, wanda ake kira Injiniya, ya sunkuyar da kai a bakin ƙofa. "Umma, a yi haƙuri, wallahi ba ni na—"

"Rufe min baki! In ka gaji da ita, sakar min abata!"

Gaskiyar magana, Auta ce ta fara kai ƙarar garin. Tun da aka yi wa Injiniya canjin wurin aiki, kullum sai ta yi kuka a waya: ga hayaniyar motoci, ga maƙwabta ba gaisuwa, ga bene kamar keji. Wata rana bayan karatu a masallacin unguwa, malamarsu ta nemi matan da za su riƙa leƙa marasa lafiyar da ba su da mai jinya. Auta ta bi su don kawai ta sha iska. Ta wanke musu kai, ta yanke musu farce, ta karanta musu abin da ya sawwaƙa. A haka ta san lunguna, ta san direban bas ɗin da ke jinkirta mata, da mai kantin da ke ƙara mata sabulu yana cewa a sa shi a addu'a. Garin ya shiga ranta ba ta sani ba.

"Umma, ba wanda ya sa ni!" Muryar Auta ta tashi, hawaye na zuba. "Da ina kuka kun ce aure haƙuri ne. Yanzu na samu abin da ya sanyaya min rai, kuma za ki raba ni da mijina?"

"Ni kike mayar wa magana?"

Auta ta haɗiye sauran. "Yi haƙuri, Umma. Akwai wata tsohuwa da ba ta cin abinci sai na je. Bari in yi mata sallama, sai in bi ki."

Umma ta bi ta, tana faɗa tun daga bene har ƙofar asibiti. Injiniya na biye da su a baya.

Tsohuwar tana gadon ƙarshe, ɓarin jikinta ya shanye. Auta ta kai mata cokali, rabi ya zube a wuyanta. Umma na tsaye, ta toshe hanci da mayafi.

"Baba, ina 'ya'yanki?" in ji Umma.

Tsohuwa ta juyar da fuska bango.

"Suna nan da ransu," in ji wata nas. "Sun ajiye ta, sun kashe waya."

"Sun kashe waya?" Umma ta saki mayafin. "Uwar da ta haife su? Allah wadaran naka ya lalace! Ke kuma Auta, haka ake ba mutum abinci a kwance? So kike ta ƙware? Ɗago ta! Ba ni cokalin nan!"

Ta zauna a bakin gado, tana ba ta a hankali tana tsine wa 'ya'yan. Tsohuwa ta cinye tas, ta riƙe hannun Umma ta ƙi saki.

Da suka fito, Injiniya ya miƙe daga bencin da yake jiran su. Umma ta harare shi.

"Me kake kallo? Gobe da wuri za ka kawo mu. Kan matar nan ya yi wata bai ga tsifa ba!"

Auta ta ɓoye fuska tana dariya da kuka.

Da Injiniya ya rama faɗa, ko Auta ta zarce da tsiwa, da auren ya mutu a falo. Haƙuri ya tsare musu gida. Gari kuwa ba ya zama naka sai ka sunkuya ka ɗauki nauyin wani a cikinsa.